Alhamis a Fili na Biyu

Har yau safiyar da takardar nan ta iso ofishinmu ba ta fita a raina ba. Litinin ce, lokacin da zafi ya fara tsananta a Gombe. Babu wuta, don haka mun fito da kujeru ƙarƙashin darbejiyar bakin ofis. Masinja ya kawo ambulan mai hatimi biyu ya miƙa wa shugabar sashenmu, marigayiya Madam Ngozi. Ta karanta, ta sake karantawa, ta cire tabarau ta dube ni.

Ta ce, "Malam Sale, ka taɓa ƙirga tsuntsu?"

Na ce ina yaro dai na sha korarsu daga gonar gero, amma ban taɓa tsayawa in san ko nawa ne ba. Ta ce to daga yau ya zama aikin gwamnati.

Ku da kuka shigo aiki bayanmu, bari in ɗan yi muku bayani. Sojojin sama ne za su karɓi sababbin jirage, ana neman inda za a girke su. An ware filaye uku a kewayen gari. Kafin a tsayar da ɗaya, ƙa'ida ita ce sai an duba abin da aikin zai yi wa ƙasa da ruwa da mutanen wurin, a kuma duba abin da wurin zai iya yi wa jiragen. Mu aka ba wannan dubawa. Ba zan faɗi sunayen wuraren ba, domin an ce mana kada mu faɗa, kuma har yanzu ba wanda ya zo ya ce an ɗage. A takarda dai Fili na Ɗaya ne, da na Biyu, da na Uku.

Waɗanda ba su riski Madam ba, iyayenta mutanen kudu maso gabas ne. Mahaifinta yana da shagon kayan ƙarfe a Kasuwar Gombe, ita kuwa a unguwar Herwagana aka haife ta, a nan ta tashi. Karin maganar da ke bakinta ta fi tawa yawa. Ni iyayena daga ƙasar Katsina suka zo, na tashi a unguwar Dawaki, karatuna bai wuce sakandare da ɗan kwas ba. Muƙamina mataimakin jami'in fili. Ni ke ɗaukar na'urori, ni ke ɗibar ƙasa da ruwa a kwalba, ni ke cike fom, ita ta duba ta sa hannu a sama. Shekara goma sha ɗaya muna haka. In na yi mata gardama takan ce, "Bakatsine, ajiye kunyarka ka faɗi magana."

Bayan kwana biyu sai ga hafsan da aka haɗa mu da shi. Muƙaminsa yana da wani suna a wurinsu, amma ya ce mana daidai yake da manjo a sojan ƙasa. Shi ke nan, muka kama kiransa Manjo. Ya gyara mana sau uku, ya gaji ya bari. Shi ya bayyana mana zancen tsuntsaye. Ya ce jirgin yaƙi yana zuƙar iska ta gaba da ƙarfi, in tsuntsu mai ɗan nauyi ya shiga injin a lokacin tashi, injin yana iya mutuwa, kuma a wannan lokacin matuƙi ba shi da tsawon da zai gyara komai. Ya faɗa a hankali, ba da tsoratarwa ba. Ni dai na rubuta a littafina.

Muka zagaya filayen. Na Ɗaya ya yi kusa da gidaje, akwai makaranta da ɗan asibiti, na'urar auna ƙara ma ba ta sha wahala ba, kowa ya san ba zai yiwu ba. Na Uku yana da nisa, kuma akwai fadama a gefensa, a lokacin ta bushe ƙurmus. Na Biyu kuwa kamar an shimfiɗa faifai. Ƙasa mai ƙarfi, babu gida, babu dutse, babu doguwar bishiya. Can gefen gabas kawai akwai rumfunan wata kasuwar ƙauye, duk lokacin da muka je babu kowa a ciki sai awaki suna shan inuwa. Manjo ya tsaya a tsakiya ya juya hagu ya juya dama, na ga fuskarsa ta saki.

Fom ɗin ƙidayar tsuntsaye ya ce a je kowane fili sau shida, a ranaku daban-daban, safe da yamma. Ka tsaya wuri ɗaya da madubin hangen nesa, ka rubuta irin tsuntsun da ka gani, da yawansa, da kimanin tsawon da yake tashi. Fom bai ce ga ranakun da za a je ba. Ni aka bar wa tsara su.

Na zauna da Buba, direban sashenmu, muna tsarawa. Da muka zo kan Fili na Biyu sai ya ce in cire Alhamis. Ban ma tambaye shi dalili ba, don na sani. Duk wanda ya daɗe a Gombe ya san ranar Alhamis ba a bin wannan hanya in ba dole ba. Ranar kasuwar dabbobi ce, manyan motocin shanu kan cika titi tun hantsi, tafiyar rabin sa'a sai ta koma sa'a uku. Buba ya ce motar ofis ba ta da ruwan haƙuri, in ta tsaya a cunkoso tafasa take yi. Juma'a kuwa rabin yini ce saboda masallaci. Sai na rubuta Litinin, Talata, Laraba, mako biyu. Da hannuna na rubuta. Na kai wa Madam, ta ce ya yi, ita ma ta san hanyar.

Ƙidayar ba ta ba ni wahala ba. Kurciya biyu, hankaka ɗaya, wata rana ɗan garken buwa can nesa. Akwai yammar da na yi sa'a guda ban ga komai ba, Buba yana kwance a inuwar mota ya ce in sa zabin nan da suka wuce, kada a ce mun zo shan iska. Na ce zabo ba ya kai tsawon jirgi. Ya ce ban ga an biyo shi da wuƙa ba ne.

Muka haɗa rahoto. A ƙarƙashin tsuntsaye na rubuta cewa Fili na Biyu ba shi da haɗari. Na sa hannu a ƙasa, Madam ta sa a sama, Darakta ya buga hatimi. Ranar Litinin aka aika. Darakta har ya kira mu ya yaba mana, ya ce mun gama kafin wa'adi, abin da sashenmu bai saba ba.

A wannan makon ne babbar 'yata ta haihu. Mijinta yana aiki nesa, ya roƙe ni in nemo masa ragon suna. Buba ya ce ai babu inda ya kai kasuwar nan raguna masu kyau. Na nemi izinin yini ɗaya, ranar Alhamis na shiga motar haya. Muka sha cunkoso yadda aka saba, sai kusan azahar muka isa.

Tun kafin in sauka na ga sama ta canza. Na ɗauka hayaƙi ne. Da na matsa sai na ga shirwa ce. Ban san yadda zan kwatanta muku ba tare da ƙari ba, kuma ba na son ƙari. Suna shawagi hawa-hawa, wasu ƙasa-ƙasa, wasu can sama har sun zama ɗigo. Na yi ƙoƙarin ƙirgawa don sabo, na rasa inda na fara. Ga hankaki, ga balbela fari fat a cikin shanu. Shanun kuma ba a cikin kasuwa suke ba. A kan Fili na Biyu suke, daidai inda nake kafa ƙafa in yi ƙidaya, don nan ne shimfiɗaɗɗen wuri.

Na bi inda shirwar ta fi yawa. Bayan rumfuna akwai mayanka, bayan mayanka akwai wani kwari da ruwa ya ci, ya miƙe ta bakin filin. Nan mahauta ke zubar da jini da abin cikin tumbi da guntayen da ba a so. Na tambayi wani mahauci, ya ce kowace Alhamis haka ne, kafin hantsin Juma'a tsuntsaye da karnuka sun share wurin tas. In ka zo Litinin ba za ka ga komai ba. Na ce masa na sani.

Na samu gindin wata rumfa na zauna. Zan faɗa muku gaskiya, tunanin farko da ya zo mini ba mai kyau ba ne. Rahoto ya tafi. Na cika fom yadda fom ya ce. Ba wanda ya san na zo nan sai Buba. Sunana yana cikin waɗanda ake duba wa ƙarin girma a shekarar, kuma shekara takwas ina mataki ɗaya. In na buɗe baki, takardar tuhuma ce, wato a ba ka takarda ka kare kanka a rubuce, kuma in ta shiga fayil ɗinka ƙarin girma ya tsaya. Na daɗe a zaune. Abin da ya tashe ni shi ne maganar Manjo, cewa a lokacin tashi matuƙi ba shi da tsawon da zai gyara komai. Ni kuwa har yanzu ina da damar gyarawa.

Ban koma gida ba. Na wuce Herwagana kai tsaye, na isa bayan la'asar. Na tarar da Madam a tsakar gida tana tsince wake, tana shirin tafiya coci koyon waƙa. Mijinta ya ba ni kujera ya shiga ciki. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Tana ji tana tsince wakenta. Da na gama sai ta ce, "To ina ragon?"

Sai a lokacin na tuna. Ban sayi rago ba.

Ta yi dariya har ta ajiye faifan. Ta ce a tarihin Gombe ba a taɓa yin wanda ya shiga cunkoson Alhamis ya fito hannu wofi ba sai ni. Da dariyar ta lafa, ta ce in bar sunkuyar da kai. Na ce laifina ne, ni na tsara ranakun, zan rubuta haka.

Ta ce, "Hannun wa ke sama a takardar?"

Na ce nata.

"To in ruwa ya zo, rufi yake fara duka. Ka kawo mini jadawali na ce ya yi. Ni ma gudun cunkoson nan na yi, kai ka riƙe alƙalami kawai."

Ba ta je koyon waƙar ba. Ta ɗauko takarda muka rubuta wasiƙar janye sashen tsuntsaye na rahotonmu, da dalili, a fili, ba kwana-kwana. Ta sa "mu" a duk inda na sa "ni".

Washegari Darakta bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar Litinin ya aika rahoto da hatiminsa, ranar Juma'a ana ce masa ya aika wata takarda ya ce an yi kuskure. Ya ce za a ce ma'aikatarmu ba ta san aikinta ba. Ya tambaya ko ba za a bari ba, in sojoji sun zo gini ai za su gani da idonsu. Madam ta ce in sun zo gini an riga an tsayar da wuri, kuma su ma ranar Litinin za su zo. Darakta ya ɗauki alƙalami. Ya sa hannu a wasiƙar, amma ya ce wani zai amsa tambaya. Kafin a tashi aka kawo mini takardar tuhuma, aka ba ni mako biyu. Na ninke ta na sa a aljihu, na tafi neman rago a cikin gari. An yi suna lafiya.

Manjo ya kira Madam da wasiƙar ta isa gare shi. Bai yi faɗa ba, ya ce dai yana son ya gani. Ta ce sai ya zo ranar Alhamis, kuma a motarmu, don ya san abin da muka gudar wa. Haka aka yi. Ya zo cikin kayan gida, ya zauna a gaba kusa da Buba. Muka maƙale bayan wata babbar mota, wani sa ya zuro kai ta tsakanin katako yana kallonmu har kusan sa'a guda. Motar ta tafasa sau biyu. Buba yana zuba mata ruwa yana ba Manjo haƙuri, yana cewa jirgi dai ya huta, ba ya bin bayan shanu. Manjo ya ce da shi aka ba tsara ranakun, shi ma da ya cire Alhamis. Ban san ko don ya sanyaya mini zuciya ya faɗa ba, amma ta sanyaya.

Da muka isa Manjo ya sauka. Ya karɓi madubin a hannuna, ya duba, ya miƙo mini, ya ci gaba da kallo da idonsa. Ya tambaye ni ina gabas, na nuna masa. Ya ce ta nan jirgi zai riƙa tashi yawancin shekara, saboda iska. Wato ta kan kwarin.

Labari ya kai wa Sarkin Fawa cewa ga mutanen gwamnati suna kallon mayankarsa. Ya taho da kansa, dattijo mai jiki, da zani a kafaɗa, bayansa wani mahauci riƙe da balangu a takarda. Ya ɗauka tashinsu za a yi, don haka ya fara da nama kafin magana. Madam ta gaishe shi da "Ranka ya daɗe, Sarki," ta ce ba tashin kowa muka zo yi ba, tsuntsayensa muka zo gani. Ya ce ai ba tsuntsaye ba ne, ma'aikatan shararsa ne, tun zamanin mahaifinsa suke aiki, ba su taɓa yajin aiki ba. Ya ce da can har da ungulu, yanzu ta yi wuyar gani.

Manjo ya tambaye shi, cikin ladabi, ko za a iya mayar da mayankar wani wuri in an gina musu sabuwa mai kyau. Sarkin Fawa ya tauna namansa ya haɗiye tukuna.

Ya ce, "Yallaɓai, mutane dai in Jauro, mai garin nan, ya yi shela za su ji, ko ba su so. Shanu ma in an kora su za su bi. To wa zai je ya gaya wa shirwa? Kakanninta nan suka ci. In kun ɗauke mu yau, sai ta yi shekaru tana zuwa duba mu ranar Alhamis."

Manjo ya yi dariya, ya ciro littafinsa ya rubuta. Ya ce maganar da ya zo nema ke nan. Muka ci balangu a tsaye. Madam ta ce in kuma na koma gida ba tsaraba yau, ita za ta kai ƙarata wurin mai ɗakina, don haka na sayi tsire.

Bayan kwana biyar wasiƙa ta zo wa Darakta daga wajen Manjo. Ban gan ta ba, amma sakatare ya ce a ciki an gode wa sashenmu da gyaran da ya yi kafin lokaci ya ƙure, kuma an ambaci jami'in filin da ya kawo labari. Na riga na rubuta amsar tuhumata, layi shida, na amsa laifina. Darakta ya kira ni, ya karanta a gabana, ya buɗe aljihun teburinsa ya sa ta a ciki maimakon fayil. Ya ce in tafi in yi aiki. Ƙarin girman ya zo a ƙarshen shekara.

Aka cire Fili na Biyu. Hankali ya koma kan na Uku. A nan Madam ta ƙi sa hannu a rufe. Ta ce fadamar nan mun gan ta a bushe ne, kamar yadda muka ga kasuwa ranar Litinin. In ruwa ya sauka shamuwa za ta zo, da sauran tsuntsayen ruwa, kuma ba mu san yawansu ba. Ta rubuta sharaɗi a rahoton: sai an sake ƙidaya a cikin damina, kwana bakwai a jere, har da Juma'a da Lahadi. Ta ce ni in tsaya mata ranar Lahadi, ita ta tsaya mini ranar Juma'a. Ta kuma sa aka ƙara layi ɗaya a fom ɗin sashenmu, wanda kuke cikewa yanzu, inda ake tambaya wace rana ce wurin ya fi cika da jama'a ko dabbobi, da ko an je a ranar. Wasunku sun tambaye ni dalilin layin. Dalilin ke nan.

Kafin ruwan farko ta kwanta rashin lafiya. Mun ɗauka zazzaɓi ne. Na je duba ta sau biyu, na biyun ta tambaye ni ko na ga shamuwa, na ce tukuna. Ba ta yi mako uku ba ta rasu. Danginta suka ɗauke ta zuwa garin iyayenta, yadda al'adarsu take. Ni da Buba muka raka motar har bayan gari, muka tsaya a bakin titi sai da ta ɓace. Allah ya ba iyalanta haƙuri. Ba zan ƙara a kan wannan ba.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Fom yana tambayarka abin da wanda ya rubuta shi ya sani, kuma wanda ya rubuta shi bai san kasuwar ƙauyenku ba. Ranar da kowa yake gudun zuwa wuri, sau da yawa ita ce ranar da wurin yake nuna halinsa. Sannan in kun zama masu sa hannu a sama, ku tuna akwai wanda yake ƙasa da ke auna ko zai iya zuwa gidanku ya ce ya yi kuskure. Da ina tsoron Madam, ban san abin da zan yi a gindin rumfar nan ba.

Game da Fili na Uku, yanzu ba a shigarsa sai da takardar izini, kuma sai shugaban sashe ya nema. An sauya wa Manjo wurin aiki. Wanda ya gaji kujerar Madam ya rubuta, ya sake rubutawa, ni ma na tuna masa. Ban san abin da aka yanke a sama ba, ba kuma hurumina ba ne in sani. Damina biyu ta wuce ke nan. Ƙidayar kwana bakwai ɗin nan ba mu yi ta ba.